Yadda za ka tsokani abokinka bai ji haushi ba, ka yabe shi ya yarda da gaske kake

Duk abotar da ta yi ƙarko za ka tarar da abu biyu a cikinta: ana tsokanar juna, kuma kowa ya san darajarsa a wurin ɗan'uwansa. Na farkon ba ya wuyar samu. Ka zauna cikin abokai minti goma, za ka ji an fara yi wa wani tsiya kan tsohuwar wayarsa ko ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya. Na biyun ne ya yi ƙaranci. Akwai waɗanda suka girma tare, sun san duk hanyar da za su ba juna dariya, amma ɗaya bai taɓa duban ɗaya ya ce “wallahi abin da ka yi ya burge ni” ba. Wannan yana damuna, domin yabon gaskiya shi ke sa a iya ɗaukar tsokana. Wanda ya tabbata kana ganin girmansa zai karɓi zolayarka da dariya. Wanda bai tabbata ba, duk abin da ka faɗa sai ya tafi da shi gida ya kwana yana juya shi.

Wani masanin zamantakewa ɗan Birtaniya, Radcliffe-Brown, ya yi rubutu a 1940 kan dangantakar wasa tsakanin mutane, ya ce rashin ladabi ne da aka yarda da shi. To yardar nan a hannun abokinka take. Kafin ka fara, ka tambayi kanka: ya taɓa tsokanata? Idan na taɓa shi yana ramawa, ko shiru yake yi? Abin da nake shirin yi masa tsiya a kai, shi da kansa yana dariya a kansa? Idan sabon aboki ne, ka bar shi ya fara, kai kuma ka rama da abin da bai kai nasa zafi ba. A haka ake gane iyakar juna.

Sai abin da za ka taɓa. Tsokanar da ta fi lafiya ita ce wadda ta faɗa inda mutum yake da ƙarfi. Ina da aboki mai aikin wutar lantarki, gwani ne da ake nemansa daga nesa, amma ƙwan fitilar falonsa ya mutu ya yi watanni bai sa sabo ba. Duk ranar da za mu je wurinsa sai wani ya buga masa waya: “Injiniya, mu taho da tocila ko an gyara?” Shi ne ke fara ƙyalƙyalewa da dariya, don ya san babu mai shakkar ƙwarewarsa a cikinmu. Da wani zai ɗauko aikin da ya taɓa ɓaci a hannunsa har mai aikin ya hana shi kuɗi, da maganar ta sauya launi nan take, ko da da murmushi aka faɗe ta. Ka tsaya kan ɗabi'un da mutum ya zaɓa kuma zai iya bari: makara, son barci, dagewa cewa ya san hanya alhali an ɓace, rigar nan ɗaya da ya ƙi rabuwa da ita.

Abubuwan da ba a taɓawa kuwa kowa ya san su, sai dai daɗin hira ya ɗebi mutum: halittar jiki, in'ina, iyaye, matar mutum ko mijin mace, jinkirin aure, rashin haihuwa, rashin aiki, bashi. Wanda ya fi duka muni shi ne sirrin da ya gaya maka a lokacin da yake cikin damuwa. Ranar da ka mayar da shi abin raha a gaban mutane, ba zai sake buɗe maka cikinsa ba, kuma yana da gaskiya. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu su yi wa wasu izgili, ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi. A kan laƙabi, gwajin da nake yi mai sauƙi ne: zai amsa wannan sunan a gaban 'ya'yansa ko shugabansa na aiki ba tare da fuskarsa ta canza ba? Idan ba zai amsa ba, a bar sunan ya mutu, komai daɗewarsa.

Haka kuma wasan da aka gina a kan ƙarya ko tsoratarwa. Annabi (SAW) yana raha da sahabbansa, amma ya ce ba ya faɗin komai sai gaskiya, kuma ya hana a ɗauke kayan mutum da sunan wasa ko a firgita shi. Ɓoye wa aboki waya ka zuba masa ido yana zufa yana lalube aljihu, ko aika masa labarin mutuwar ƙarya, dariyar ta ɓangare ɗaya ce, shi tashin hankali kawai ya samu.

Yadda ake faɗa ya kai abin da ake faɗa muhimmanci. Dacher Keltner na jami'ar California da ke Berkeley ya daɗe yana nazarin wannan, kuma shi da abokan aikinsa sun bayyana tsokana a 2001 da cewa takala ce da gangan wadda ke tafe da alamun da ke nuna wasa ne: sauya murya, jan kalma, ƙifta ido, zuzuta abu fiye da ƙima. Zuzutawar nan ita ce sirrin. Ka ce wa mai makara: “Kai da za a aike ka kiran likita, sai mara lafiya ya warke ya fito nemanka.” Kowa ya san hakan ba zai faru ba, shi ya sa ake dariya har da shi. Amma ka ce masa “kai dai ba ka taɓa cika alkawari ba,” ko da kana dariya, tuhuma ce, don tana iya zama gaskiya. Duk lokacin da tsokana ta yi kama da abin da za a iya faɗa a cikin faɗa, a ƙara mata gishiri har ta fita daga hankali, ko a haƙura da ita.

Da zarar ka faɗa, ka dubi fuskarsa. Kada ka dubi sauran mutane. Vasudevi Reddy, mai nazarin jarirai, ta nuna cewa tun wajen wata 9 yaro yake fara tsokana: ya miƙa maka abu, ka kawo hannu ya janye yana kallonka. A 2024 Isabelle Laumer da abokan aikinta sun ga irin wannan a manyan birai iri 4 a gidajen namun daji na San Diego da Leipzig: biri ya zunguri wani ko ya ja masa gashi, sannan ya tsaya yana duban fuskarsa ya ga yadda ya ɗauka. Mu manya ne muke mantawa da wannan duban, saboda dariyar jama'a tana da daɗi kuma tana ruɗi.

Na taɓa zama inda wani ya rasa aikinsa bai daɗe ba, ana cikin hira sai wani ya ce, “Ku tambayi wane mana, shi da yake hutu yanzu duk labarin gari yana wurinsa.” Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Amma dariyar yaƙe ce, haƙora ne kawai, ido bai motsa ba. Ya ciro waya ya kunna ya kashe, ya sake kunnawa, ba abin da yake dubawa. Mutumin da a da ba a gama taɓa shi ya rama, ranar bai ce uffan ba. Can ya miƙe ya ce zai je ya ɗauko yara, alhali lokacin tashinsu da saura. Labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya yi maganar kuwa har aka watse yana ganin ya yi barkwanci mai kyau. Ba mugu ba ne. Binciken da Justin Kruger da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 ya nuna haka abin yake a wurin yawancin mutane: mai tsokana yana ganin kyakkyawar niyyarsa a fili take, wanda aka tsokana kuwa ba ya ganinta sosai, kuma yana jin maganar da zafi fiye da yadda mai faɗar ya zata. Saboda haka duk yadda ka auna nauyin maganarka, ka ɗauka ta fi haka nauyi a kunnensa.

Idan kana wurin irin haka ta faru, kana da abin yi. Ka karkatar da hirar zuwa wani batu ba tare da ka tsaya yin wa'azi ba, don wa'azin zai ƙara jawo ido kansa. Kuma idan mutum biyu ko uku sun riga sun taɓa mutum ɗaya, kada ka zama na uku ko na huɗu, ko da taka ta fi tasu ban dariya. An wuce wasa, an koma taron dangi.

Ka lura da wanda ya fi wani. A binciken da Keltner ya yi a 1998 da ɗaliban wata ƙungiyar samari a jami'a, waɗanda ke ƙasa suna tsokanar na sama a hankali, na sama kuwa sun fi sakin baki. Ga aboki, akasin haka ya kamata. Idan Allah ya ɗaga ka a kuɗi ko muƙami fiye da abokin ƙuruciyarka, ka sassauta taka tsokanar, ka buɗe ƙofa ya yi maka tasa son ransa. Maganar da kuka saba tun kuna daidai, yanzu daga bakinka tana iya zama gori. Haka nan ka duba su wa ke wurin. Abin da ya halatta ku biyu bai halatta a gaban matarsa, surukansa, yaran shagonsa ko baƙon da bai san tsakaninku ba.

A rubuce abin ya fi haɗari. Kruger da Nicholas Epley sun gwada a 2005: masu aika saƙon imel sun zaci za a gane gatsensu kusan sau 8 cikin 10, amma masu karantawa ɗan abin da ya haura rabi kawai suka gane. Rubutu ba shi da murya, ba shi da ƙifta ido, kuma yana nan zaune, mutum zai koma ya karanta shi da dare lokacin da ransa ba daɗi. A zauren WhatsApp mai mutum hamsin, rabinsu ba su san irin wasanku ba. In tsokanar tana da ɗan kaifi, ka aika ta da murya, shi kaɗai, ko ka adana ta sai kun haɗu.

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, wata rana za ka zarce. Kada ka ce “ai wasa nake yi,” balle “kai ba ka san wasa ba?” Wannan ɗora masa laifi na biyu ne a kan ciwon farko. Ka same shi shi kaɗai a ranar, ka ce: “Maganar da na yi ɗazu ba ta dace ba, ka yi haƙuri, ba zan sake ba.” Ka tsaya nan, ban da dogon bayanin niyyarka. Idan kai aka taɓa, kada ka haɗiye ka riƙa ja da baya a hankali har abota ta mutu bai san dalili ba. Ka ce masa, “Mutumina, komai ka yi min wasa da shi, amma ban da wannan.” Kuma idan akwai abin da yake ci maka rai game da shi, kamar bashin da bai biya ba, kada ka naɗe shi cikin raha ka jefa masa a taro. Wannan habaici ne, kuma yana ganewa. A zauna a yi maganar a matsayinta.

Yanzu ga wanda ya fi wuya. Mutane da yawa, musamman maza, sun gwammace su yi wa aboki hidimar kwana uku da su yaba masa da jimla ɗaya. Suna jin nauyi, suna tsoron kada ya ce yau kuma me ya faru. Erica Boothby da Vanessa Bohns sun nuna a 2021 cewa masu yabo suna raina yawan daɗin da wanda aka yaba yake ji, kuma suna zuzuta yadda abin zai takura shi. A wannan shekarar Xuan Zhao da Epley suka gano dalili ɗaya: mai yabo yana ta damuwa ko ya iya tsara kalmomin, mai karɓa kuwa zuciyar da ke bayan maganar yake ji. Sun kuma ga cewa yabon da aka yi ta yi kwana bayan kwana bai gundiri masu karɓarsa ba kamar yadda aka zata. Don haka ba sai ka zama mai fasahar magana ba, kuma ba sai ka jira babban biki ba.

Ka ambaci abu takamaimai da ka gani da idonka. “Kai mutumin kirki ne” kowa ana gaya masa, ba ya zama a zuciya. Ka faɗi abin da ya yi, da abin da ya ci masa, da abin da ya haifar. Wata ƙawar ƙanwata ta yi jinyar mahaifinta tsawon lokaci, kullum a asibiti take kwana, da safe ta wuce wurin aiki. Bayan an sallame shi, ina jin ƙanwata ta ce mata: “Ƙawata, na ga yadda kike juya Baba da dare kina shafa masa magani, ki fito da safe idonki jawur ki tafi aiki, ban taɓa jin kin yi ƙorafi ba. Ni kin koya min yadda ake riƙe iyaye.” Ta sunkuyar da kai tana murza zoben hannunta, ta ce “ai ba komai,” muryarta na rawa. Ƙanwata ba ta ƙara komai ba, ta bar shirun ya zauna. Wannan shirun yana da muhimmanci. A nan ne yawancinmu muke tsorata mu jefa barkwanci don mu kuɓuta, sai mu rushe abin da muka gina.

Yabo yana da iyaka, kuma iyakar ce ke sa a yarda da shi. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wani ya yi ta kambama wani a gaban Annabi (SAW), sai Annabi ya ce masa da wannan yabon tamkar ya yanke wuyan abokinsa ne, ya kuma koyar da cewa in dole ne a yaba, mutum ya ce yana zaton wane kaza ne, Allah ne masanin haƙiƙa. Ni abin da na ɗauka a nan shi ne ka faɗi iya abin da ka sani. “Babu kamarka a duniya” bambaɗanci ne, shi ma ya san ba gaskiya ba ne. Kada kuma yabo ya zama share fagen roƙo. Idan kana da buƙata a wurinsa yau, ka ajiye yabon sai wata rana, in ba haka ba duk wanda ka yi masa nan gaba zai tsaya jiran abin da zai biyo baya.

Ka yanke wa yabonka wutsiya. “Ka yi ƙoƙari, ban zaci za ka iya ba.” “Yau dai kin yi kyau.” “Ka fi wane nesa ba kusa ba.” Na farko ya tona cewa ka raina shi, na biyu ya zagi sauran ranaku, na uku ya ci naman wani. Ya fi kyau kuma ka yabi aikin da ya sha wahala a kai fiye da baiwar da aka haife shi da ita. Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada da 'yan makaranta a 1998: waɗanda aka yaba wa basira sun fi gudun aiki mai wuya kuma sun fi saurin karaya bayan sun faɗi, idan aka kwatanta da waɗanda aka yaba wa ƙoƙari. Yara ne aka gwada, amma ina ganin babba ma ya fi jin daɗin a ga wahalarsa.

Ranar da ya zo maka da albishir, ya ci jarrabawa ko ya samu ƙarin girma, ranar ce ake gane aboki. Shelly Gable ta nuna a 2004 cewa yadda ake karɓar labarin alheri yana da alaƙa da ƙarfin dangantaka, kuma karɓar da ta fi amfani ita ce ta murna a fili da tambayoyi. Ka ajiye waya, ka ce, “Kai, Alhamdulillahi! Yaushe aka gaya maka? Wa ka fara bugawa?” Ka bar shi ya ba da labarin tun daga farko. Tsiyar cewa yanzu zai daina gaishe ku tana nan tana jira, za ta yi daɗi bayan ya ga murnarka ta gaske. In ka fara da ita, zai iya zaton hassada ce ta leƙo.

Akwai yabo iri biyu da ba sa buƙatar ƙarfin hali kuma suna da tasiri ƙwarai. Ɗaya shi ne na bayan ido: ka faɗi alherinsa inda ba ya nan, zai koma kunnensa, kuma ba zai yi zargin daɗin baki ba. Ɗayan shi ne isar da na wasu. Idan ka ji an yabe shi a wani wuri, ka kai masa kamar yadda aka faɗa. Muna gaggawar kai gulma, amma wannan sai mu manta. Ga wanda bakinsa ke nauyi, nan ne wurin farawa. Daga nan sai ka kai ga faɗin naka, har ka iya cika abin da hadisin Abu Dawud da Tirmizi ya koyar, cewa idan mutum yana ƙaunar ɗan'uwansa ya sanar da shi.

Idan kai aka yaba, ka karɓa. “Na gode, na ji daɗin wannan maganar” ta isa. Kada ka yi ta musu har ya ji kunyar ya faɗa, kada kuma ka mayar masa da wani yabon nan take kamar mai biyan bashi. Abokinka kuwa, in kun saba da tsokana kawai, karon farko da ka yabe shi zai nemi zillewa, ya ce “to me kake nema?” ko “yau lafiyarka kuwa?” Kada ka bi shi cikin wasan. Ka dube shi ka ce, “Da gaske nake.” Sau ɗaya ya wadatar. Sannan ka kawo wata hirar, don kada ka tsare shi sai ya nemo amsa.